Kukan da Ya Ƙi Sauka

Litinin

Ƙanwata ce ta ɗora mini wannan kaya. Saura mako uku a ɗaura mata aure, sai ta ce ita ba ta son waƙar biki irin ta yayi, wadda ake jero sunan amarya da ango da ƙawaye. Waƙar kakarmu take so, wadda ake rera wa amaren gidanmu a daren da za a kai su ɗaki. Kaka ta daɗe da rasuwa, amma Gwaggo ta riƙe waƙar tsaf, ko wasali bai zube mata ba. "Yaya, tunda ka sayi fiyano, ai sai ka sa mata kiɗa." Na ce to, ban ko tsaya auna nauyin abin ba.

Shekara ɗaya da rabi ke nan da na sayi wannan Yamaha na hannu mai maɓalli 61, irin wanda ya cika ɗakunan kiɗa na Titin Gidan Zoo. Abin da na iya bai taka kara ya karya ba. Hannun dama yana bin karin waƙa sauti ɗaya-ɗaya, hannun hagu kuma yana danne sauti uku a lokaci guda, abin da 'yan sitidiyo ke kira kod. Guda huɗu na riƙe sosai: do-mi-so, fa-la-do, so-ti-re, sai la-do-mi mai sanyin nan.

Bayan la'asar na je wajen Gwaggo. Na same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faifai. Ta rera mini sau uku ina ɗauka a waya, ba kiɗa ba tafi, sai ɗan yatsanta da ke ƙwanƙwasa bakin faifan. A karo na uku muryarta ta ɗan yi rawa, ta ce ya isa haka.

Da daddare na zauna laluben sautukan, na rubuta su a bayan littafin darasi: do, re, mi, so, la. Biyar cur. Babu fa, babu ti, tun daga farkon waƙar har ƙarshenta.

Talata

Aikin ya zo da sauƙin da ban zata ba. Kusan duk kod ɗin da na shimfiɗa a ƙarƙashin baitin farko sai ya zauna lafiya, wani ya fi wani daɗi dai, amma babu wanda ya yi faɗa da muryar.

Wuri ɗaya ne ya gagare ni. A layi na uku na amshi akwai kalmar kuka, inda ake rarrashin amarya. Gaɓar farko, ku, tana kan re, ni kuma ina danne da so-ti-re, komai daidai. Gaɓa ta biyu, ka, ta faɗo a kan bugu mai nauyi, daidai inda kunnena ke neman a koma gida, a koma do-mi-so. Na koma. Gwaggo ba ta biyo ni ba. Tana nan a kan re ɗinta, ta ja shi har bugu biyu, sai a kalma ta gaba ta sauko do. Cikin bugu biyun nan do da re da mi sun cunkushe wuri guda suna gogar juna, har sai da na ji haƙorana sun yi tsami.

Na sake sauraron ɗauka ukun. Duka haka ta yi. Na rubuta a gefen takarda: a gyara, gaɓa ta biyu ta sauko do. Raina ya ba ni cewa shekaru ne, murya ta yi nauyin saukowa.

Laraba

Na tafi Sabon Gari wajen Baba, dattijon da ke koya mini duk ranar da na samu sarari. Mutumin Filato ne, ya tsufa yana kaɗa ogan a coci, ya kuma yi zamani da makaɗan otal. Da do-re-mi yake koyarwa, yadda aka koya masa yana yaro cikin mawaƙan coci. Wannan hanya ta iso ƙasar nan ne tare da 'yan mishan daga Ingila, amma saiwarta tana Italiya, inda wani malamin coci, Guido na garin Arezzo, ya fara laƙaba wa sautuka irin waɗannan gaɓoɓi a ƙarni na 11.

Na kunna masa waƙar, na nuna masa inda matsalar take. Bai ce komai a kanta ba. Sai ya ce, "Ɗana, kawo yatsa ɗaya." Ya ɗora shi a kan mi. "Ka riƙa bugawa a hankali, kada ka kauce."

Shi kuma ya sa hannun hagunsa a ƙasa. Da ya danna do-mi-so, mi ɗina ya fito fes kamar hantsi. Ya koma la-do-mi, sai sautin ya yi sanyi, ya tsaya ƙyam ba fara'a. Ya koma fa-la-do, nan kuwa tsigar jikina ta tashi, don mi ɗin ya zama wani abu mai marmari, kamar wanda ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga ya kasa komawa. Daga ƙarshe ya danna mi-so-ti, sautin ya zauna daram. Yatsana bai gusa ko'ina ba, amma abu huɗu na ji.

"Kowane kod gida ne mai mutum uku," in ji Baba. "Akwai tushe, shi ne maigida. Ka ƙirga daga kansa, akwai na uku, akwai na biyar. Na ukun nan shi ke nuna ko gidan na murna ne ko na jimami. To, kai ɗin nan da ka zo mini, a gidanka maigida ne, a gidan mahaifinka ɗa ne, a gidan surukanka kuwa ko ƙwaƙƙwaran motsi ba ka yi. Ka sauya ne? Haka sauti yake."

Muka ƙirga tare. A gidan do, mi na uku ne. A gidan la, na biyar. A gidan fa, na bakwai, ba ya ma cikin ukun, shi ne zaman gidan surukai. A gidan kansa kuwa tushe ne.

Kafin in tashi ya kunna mini wata waƙar Birazil a wayarsa, Samba de Uma Nota Só, ta Antônio Carlos Jobim da Newton Mendonça, wadda João Gilberto ya rera a faifansa na 1960. Sunanta ma yana nufin samba mai sauti ɗaya. A farkonta mawaƙin yana nanata sauti guda tak, kod huɗu kuma suna gangarowa a ƙarƙashinsa rabin mataki rabin mataki. Da zan rufe ido in manta da sunan, da na rantse muryar tafiya take. Ƙasar da take tsaye a kai ce ke zamewa.

Na tambaye shi batun re ɗin Gwaggo. Ya ce in dawo Asabar.

Alhamis

Ni malamin kimiyya ne, ba na samun natsuwa da abu sai na ga lissafinsa. Yau ina da sarari tsakanin darasi biyu, na zauna a ofishin malamai da takarda.

Do na tsakiyar fiyano yana girgiza iska kimanin sau 262 a daƙiƙa ɗaya, mi sau 330, so sau 392. In ka rage su ƙasa, kusan 4 da 5 da 6 ne. Wato duk lokacin da do ya yi girgiza huɗu, mi ya yi biyar, so ya yi shida, sai su sake haɗuwa su tashi tare. Lugude ke nan, mata uku a turmi ɗaya, kowace da saurin hannunta amma taɓarya ba ta karo da taɓarya. Shi ya sa kunne ke jin su kamar abu guda.

Fa kuwa 349 ne. Tsakaninsa da mi bai kai girgiza 20 ba. Idan sautuka biyu suka matsu haka, wani lokaci su ƙarfafa juna wani lokaci su danne juna, kuma yawan wannan tashi da faɗuwa a daƙiƙa shi ne bambancin da ke tsakaninsu. In kaɗan ne, sai ka ji sautin yana lilo. In ya kai gommai, sai ya koma gurzuwa. In sautukan suka yi nisa da juna sosai, gurzuwar ta ɓace. Wani masanin Jamus, Hermann von Helmholtz, ya yi wa wannan dogon bayani a littafinsa na 1863.

A jerin sautuka bakwai, wuri biyu ne ke da wannan matsi na rabin mataki: tsakanin mi da fa, da tsakanin ti da do. Waƙar Kaka ta tsallake fa, ta tsallake ti. Ashe sirrin sauƙin da na samu shekaranjiya ke nan: a cikin sautukanta biyar babu biyun da ke manne da juna. Irin wannan tsari ne a baƙaƙen maɓallan fiyano, biyu da uku, biyu da uku, shi ya sa yaro zai yi ta bugun baƙaƙen nan yadda ya ga dama ba ka ji abin ya yi muni ba. Duk inda fa ko ti suka shigo aikin nan, ni na shigo da su da hannun haguna. Wannan ya tsaya mini a rai.

Sai re ɗina, 294. Yana tsakanin 262 da 330, an matse shi hagu da dama. Gurzuwar da na ji gaskiya ce, ba kunnena ne ya yi ƙarya ba.

Juma'a

Bayan an sauko daga masallaci na ɗauki jan biro na zagaye duk sautin da ya faɗo a kan bugu mai nauyi, wato na ɗaya da na uku a kowane huɗu. Kusan dukansu 'yan gidan kod ɗin da na zaɓa ne. Waɗanda ba 'yan gida ba suna nan birjik, amma a tsakanin bugu suke, sukan gifta kafin kunne ya farga. Guda ɗaya ne ya zauna a kan bugu mai nauyi ya miƙe ƙafa.

Asabar

Baba ya duba takardata, ya ga jan biron, ya gyaɗa kai. Ya ce yanzu na iso inda za a yi magana.

"Waƙar da babu baƙo a cikinta, busar soja ce," in ji shi. Ya kwatanta mini kiran da ake yi da bigila a bariki, wanda duk sautukansa 'yan gida ɗaya ne. Yana da ƙarfi, yana tada mai barci, amma ba a rarrashin kowa da shi. Ya ce baƙo raɓa ne ɗan gari kaba, gaskiya ne, sai dai kabar da ba ta taɓa ganin raɓa ba ta bushe.

Ya bi da ni cikin waƙar layi-layi yana nuna mini baƙin. Ga ɗan ratse, re da ke bi ta tsakanin do da mi, bai zo zama ba, hanya ce ta biyo da shi. Ga maƙwabci, inda Gwaggo ke tashi daga so ta leƙa la ta dawo so. A ƙarshen baiti na biyu muryarta takan isa do kafin lokacin sauya kod ya yi, Baba ya ce wannan shi ne riga malam masallaci, kuma in ka toshe shi ka kashe zumuɗin layin. Duk waɗannan na sha jinsu ban taɓa ɗaukarsu laifi ba, saboda a kan bugu marar nauyi suke.

Sai ya ce akwai baƙon da ke zuwa daidai lokacin da aka shimfiɗa tabarma. Ya danna kod, ya buga farkon waƙar Yesterday ta ƙungiyar Beatles, ta 1965. Gaɓar farko ta waƙar tana dira ne a kan re, a kan bugu mafi nauyi, alhali gidan do ne a ƙasa, sannan ta zame zuwa do. Re a kan do, kamar na Gwaggo. Ya sake bugawa, wannan karon ya fara da do kai tsaye, ya cire baƙon. Waƙar ta zama lami. Duk kewar da ke cikinta ashe a wannan ɗan jinginar take.

"Amma naka ba wannan ba ne," ya ce. "Wannan daga waje ya faɗo. Naka kwana ya yi." Ya bayyana mini cewa abin hawa uku ne. Da farko sautin ɗan gida ne, kamar re a cikin so-ti-re. Sai a sauya gidan a ƙarƙashinsa shi bai motsa ba, ya wayi gari baƙo a inda yake zaune. Sannan ya sauko mataki ɗaya ya samu wuri a sabon gidan. Ya ce mawaƙan cocin Turai na ƙarni na 16, irin su Palestrina na Italiya, da wannan dabara suke sa zuciya ta ƙulle sannan ta warware, kuma sun kafa mata ƙa'idoji masu tsauri: sai an shirya sautin tukuna, kuma saukowa zai yi, mataki ɗaya. Gwaggo ta cika ukun duka.

Na ce, "Baba, su da gangan suka yi. Gwaggo ba ta san akwai wani kod a ƙasa ba, ni na sa shi. In ta sauko da wuri ai an huta."

Ya rufe fiyanonsa da tsumman da yake kare shi daga ƙura. "Je ka ka gaya mata."

Lahadi

Na je da hantsi. Bayan gaisuwa na ce, "Gwaggo, akwai wani ɗan wuri da nake so mu daidaita. Da za ki ɗan sauke murya a nan." Na rera mata layin yadda nake so, ku a sama, ka a ƙasa.

Ta ajiye carbinta. "Maimaita."

Na maimaita.

"Wace kukar kake nufi, ɗan nan? Ta bayan gari ko ta miya? Amarya ake roƙo ta bar kuka, kai kuma ka dasa mana bishiya a tsakiyar waƙa."

Na yi shiru. Tun ina sakandare aka koya mini karin sauti, da wannan misalin ma aka koya mana. Kukan hawaye gaɓoɓinsa biyu duk a sama suke. Kukar da ake miya da ganyenta, ta farko a sama ta biyu a ƙasa. Na san shi a aji, na ci jarrabawa da shi, amma kwana biyar ina kallon takarda ban gan shi ba, saboda idona yana kan hannun hagu. Gyaran da na rubuta ranar Talata, da an bi shi, da ya sauya kalmar ɗungurungum.

Gwaggo ta ga na yi sanyi, sai ta sassauta. Ta ce Kaka takan ja wurin nan fiye da haka ma. Ta ce a daren da aka kai mahaifiyarmu, a daidai wannan gaɓar ce uwar amaryar ta tashi ta shige ɗaki don kada a ga fuskarta. "Nan ne ake riƙe numfashi. In ka sake shi da wuri, me ya rage?"

Ta sake rera layin, ita kaɗai, ba don waya ba. Na saurare shi ba tare da fiyano a kaina ba, na ji ko babu kod re ɗin nan a rataye yake, don tun farkon waƙar kunne ya riga ya san do ne gida.

Litinin

Na kwana ina juya abin. Tambayar ita ce wa ke gaba, wa ke bi.

A Turai an sha yin aikin daga ƙasa zuwa sama. A 1722 Bach na Jamus ya kammala littafin farko na kiɗansa mai bi ta kowane maɓalli, wanda ya buɗe da wani ɗan kiɗa da kusan babu komai a cikinsa sai kod bayan kod, ana warwara su sauti ɗaya-ɗaya. Bayan shekara 131, a 1853, Gounod na Faransa ya fitar da karin da ya ɗora a kansa, wanda daga baya duniya ta sani da Ave Maria. Gidajen sun daɗe a gine kafin mai shiga ya zo. A waccan shekarar ta 1722 kuma Rameau ya buga littafinsa a Faransa, inda ya nuna cewa do-mi-so da mi-so-do da so-do-mi duk gida ɗaya ne, maigidan ne kawai ke sauya wurin zama. Ilimi ne mai kyau, ina cin moriyarsa kullum.

Namu tsarin daga sama yake farawa. Kalma ce ke zuwa da hawanta da saukarta, kari ya bi ta, kiɗa ya bi kari. Dalilin da ya sa kalangu ke iya kiran sunan mutum ke nan, don makaɗi yana matse tsarkiya ya sassauta yana bin karin maganar. Mamman Shata, har ya rasu a 1999, da kalangai da 'yan amshi ya cika ƙasar nan da waƙa, ba kod ko ɗaya. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, kuntiginsa tsirkiya ɗaya gare shi. Ba wanda ya saurare su ya ji akwai abin da ya ɓace. Mawaƙi yana da damar lanƙwasa kalma, suna yi kuwa, amma akwai iyakar da in ya wuce ta ma'ana ta karye.

Fiyano baƙo ne a wannan gida, kuma ina son sa. Abin da ke damuna shi ne yadda ya sauƙaƙa mana juya tsarin. Irin nawa, da yatsa ɗaya za ka danna ya ba ka kod cikakke da ganga da komai. Sai a fara haɗa kiɗa mai zagayen kod huɗu, a kira mawaƙi a ce ya zuba kalmomi a ciki. Na sha jin waƙa a rediyo ina cewa wannan Hausar wani iri ce, kamar ba Bahaushe ke yi ba, alhali kowace kalma daidai take a rubuce. Yanzu ina zargin a nan ciwon yake. Kuma saura ƙiris in yi wa waƙar kakata haka.

Talata

Tunda re ba zai motsa ba, na gwada kauce masa. Na riƙe so-ti-re har bugu biyun su wuce, sai ta sauko in koma do tare da ita. Sumul, ba gurzuwa, amma wurin ya zama kamar kowane wuri. Na gwada re-fa-la, inda re ya zama maigida. Ya yi daɗi, sai dai fa ɗin ya shigo da wani ƙamshi da ba na gidanmu ba, kuma kukan ya samu kujera ya zauna, alhali a tsaye ya kamata a bar shi.

An ɗauke wuta ƙarfe tara. Na ci gaba da bugawa a kan maɓallan da ba sa ƙara, ina rerawa a ciki.

Laraba

Na gaya wa Baba yadda muka yi da Gwaggo. Ya daɗe yana jinjina kai. Ya ce ya san re ɗin yana da dalili, amma bai kawo batun bishiyar ba, duk da shekarun da ya yi yana jin Hausa.

Sai ya ce in buga masa wurin yadda na buga ranar farko. Da na ɗora hannu ya riƙe mini wuyan hannun. "Dubi inda ka ajiye gidan. A kan kafaɗarta ka gina shi." Gaskiya ne, kod ɗina yana daidai tsayin muryar Gwaggo. Ya janye hannuna zuwa hagu, zango guda ƙasa, inda do ke girgiza sau 131 maimakon 262. Sannan ya ɗaga yatsana na tsakiya daga kan mi, ya bar do da so kawai. Ya kunna muryar.

Re ɗin ya tsaya a sama shi kaɗai, da fili a ƙarƙashinsa. Har yanzu baƙo ne, har yanzu kana jin yana neman ƙasa, amma gurzuwar ta koma wani ja mai taushi a ƙirji. Da ta sauko do a kalma ta gaba, Baba ya saki yatsana ya faɗa kan mi, gidan ya cika. Na ce ya sake. Muka yi sau shida.

Akwai wani abu kuma da ya ji wanda ni ban ji ba. Mi ɗin Gwaggo yana ɗan ƙasa da na fiyano, kaɗan ƙwarai. Na auna da manhajar waya, haka ne. Ya ce to duk inda ta zauna a kan mi, in cire nawa, in bar mata nata. Ya ba ni shawara baitin farko gaba ɗaya in kafa turke, do da so su yi ta amo a ƙasa ba sauyi, yadda tanpura ke yi wa mawaƙan Indiya, ta yadda kowane sautin Gwaggo zai nuna nisansa da gida da kansa. Kod su fara motsi sai an shiga amshi.

Na lissafa abin da ya rage a hannun haguna bayan duk wannan. Bai kai rabin abin da na fara da shi ba.

Juma'a

Mun shiga sitidiyo da yamma. Gwaggo ba ta taɓa sa abin ji a kunne ba, sai da ƙanwata ta gyara mata shi a kan ɗankwali. Ta ce ɗakin ya yi shiru da yawa, a ba ta wani abu ta riƙe. Aka samo mata faranti, ta riƙa ƙwanƙwasa bakinsa. Na ce a bar ƙarar a cikin ɗaukar.

Yaron da ke kan kwamfuta yana da kunne, hannunsa kuma da sauri. Da muka zo amshi ya tsayar, ya nuna mini allon, inda muryar ta fito layi-layi kamar tsani. "Yallaɓai, nan ta maƙale a sama. In ja shi ƙasa? Daƙiƙa biyu ne." Linzamin yana kan gaɓar.

Na ce ya faɗi kalmar da bakinsa yadda za ta koma in ya ja. Ya faɗa. Ya sake faɗa a hankali. Ya ɗauke hannunsa daga linzamin. Na roƙe shi kuma ya kashe na'urar daidaita murya gaba ɗaya, saboda mi ɗin nan. Ya ce zai fito kamar ba a gama aiki ba. Na ce na ɗauki nauyin.

Sau biyu ta rera, muka ɗauki na biyun. A cikinsa ta ja gaɓar har bugu uku, yadda ta ce Kaka na yi. Dole na sake buga wurin, na jira ta.

Asabar

Da safe na kai wa ƙanwata a waya. Tana ɗakin Inna, mahaifiyarmu, ana jera kayan lefe a akwati. Ta sa a kunne ɗaya, ta miƙa wa Inna ɗayan. Na tsaya a bakin ƙofa, ba na jin komai, amma ina ƙirga bugun a raina daga motsin kan ƙanwata. Baitin farko ya wuce, amshi ya shiga, layi na ɗaya, na biyu.

A na uku Inna ta cire abin daga kunnenta ta ajiye a kan akwatin, ta ce bari ta duba tukunya.